Baba Ilu da Ya Koya Min Saƙar Malfa

Ina Rano da hantsin ranar Talata, na kai malfuna wurin wani mai saye, sai matata Hadiza ta kira ni a waya. Ba ta ko tsaya gaisuwa ba. Ta ce, "Malam, ka dawo gida, Baba Ilu ya rasu." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na bar kayan a nan na hau mota zuwa Kibiya, Allah ya sa na samu sallar jana'iza.

Baba Ilu maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Sana'arsa saƙar malfa da tabarma, da damina kuma ya yi noma kamar kowa. Yawancin waɗanda suka zo ta'aziyya sun san shi ne a matsayin dattijo mai barkwanci, wanda bakinsa ba ya rabuwa da 'yar waƙa in yana aiki. Ni kuwa abin da ya yi min ya wuce haka, shi ya sa na ga wajibi ne in rubuta, don 'ya'yansa da jikokinsa su sani.

A da ni direba ne, ina jigila tsakanin Kibiya da Kano. Wata rana taya ta fashe min a kan hanya, motar ta ƙwace ta kife. Na rasa ƙafata ta dama. Abin da ya fi ƙafar ciwo shi ne fasinja ɗaya ya rasu, Malam Audu, manomi daga Lausu, mutumin da nake ɗauka kusan duk mako yana zama kusa da ni. Da aka sallamo ni daga asibiti sai na shige zaure na kwanta na juya wa ƙofa baya. 'Yan dubiya su zo su yi sallama, in amsa da ƙyar, su gaji su tafi. Har Hadiza ta koma ajiye abinci ta fita ba tare da ta yi magana ba.

Baba Ilu bai yi min wa'azi ba, bai kuma ce in yi haƙuri ba, don ya san an faɗa min har na gaji da ji. Wata safiya sai ga shi da ƙullin kaba da wuƙarsa, ya ce rana ta addabi ƙofar gidansa, yana neman aron inuwar zaurena. Ya zauna ya kama saƙa yana rerawa:

"Akuyar Ladi ta cinye kaba,
Na kore ta baya ta ɓullo gaba."

Daga nan sai ya tsaya, ya yi tsaki, ya koma farko. Kwana uku yana maimaita layukan nan biyu, duk abin da ya ɗora a kai ba ya zama. A rana ta huɗu haushi ya kama ni, na juyo na ce, "Baba, don Allah ka ce 'Ni da akuyar nan sai an raba,' ka huta mu ma mu huta."

Ya ajiye saƙar ya dube ni. Ya ce, "Ashe akwai mutum a zauren nan! To Sabi'u, kawo na huɗu."

Sai bayan shekaru ya amsa min cewa da gangan ya yi. Mutumin da ke haɗa baiti goma kafin ya gama bakin malfa ɗaya, ba layi na uku ne zai gagare shi ba.

Daga waƙa ya ja ni zuwa kaba. Ya ce hannun da ya saba riƙe sitiyari bai kamata ya zauna haka nan ba. Malfata ta farko ta fito a karkace, gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi, na ce a jefa ta murhu. Ya karɓa ya kifa a kansa, ranar kasuwa ya shiga da ita cikin mutane. Masu tsokana suka tambaye shi wa ya yi masa wannan ɓarna. Ya ce, "Ɗana Sabi'u ne. Kaina bai san karkace ba, inuwa kawai ya sani." Ya yi ta sa ta har ta yage.

Haka koyarwarsa take. Ba ya karɓar aiki daga hannunka ya gyara maka. In ka yi kuskure sai ya ce, "Warware zuwa inda ka fara jin ba daidai ba, kai ka san wurin." In na kawo baiti mai kama da nasa sai ya girgiza kai ya ce, "Wannan nawa ne ka sa masa rigarka. Ina naka?" Bai taɓa yi wa wani babba waƙa don a ba shi ba. Waƙoƙinsa na albasa ne, da ramukan hanya, da ruwan sama da ya makara, da kuma yabon Manzon Allah in ya gaji da wasa.

Bayan kusan shekara, na rubuta baitoci a kan Malam Audu a cikin littafin makarantar 'yata. Na faɗi yadda yake ba ni gyaɗa in mun tashi daga tasha, da yadda kunya da tsoro suka hana ni zuwa yi wa iyalinsa ta'aziyya. Na karanta wa Baba. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Wannan ba tawa ba ce balle in gyara. Masu ita suna Lausu."

Na ce, "Baba, da wane ido zan dube su?"

Ya ce, "Da wanda ka rubuta ta da shi. Gobe zan nemo masu babur biyu."

Muka je. Yayan marigayin, Malam Isa, ya karɓe mu a ƙofar gida, ya shimfiɗa mana tabarma. Na yi ta'aziyya, Baba ya ce in karanta. Da na gama, Malam Isa ya share ido da bakin rigarsa ya ce, "Ɗan'uwa, ai mu tun ranar ba mu riƙe ka da komai ba. Taya ce ta fashe, kwanansa kuma ya ƙare. Mun so zuwa duba ka, aka ce ba ka son ganin mutane." Ya roƙi in bar masa takardar don 'ya'yan marigayin. A hanyar dawowa Baba sai ƙorafi yake ta yi cewa mai babur ya kusa zubar da shi.

Yau da saƙa nake ciyar da iyalina. Malaman Islamiyyar unguwarmu sukan zo in rubuta wa ɗalibai waƙar saukar karatu, kuma akwai magidanta uku da ke zama wurina suna koyon kaba, ɗaya daga cikinsu ya girme ni. Duk wannan daga hannun Allah ne, amma ta hannun Baba Ilu ya biyo.

Ciwonsa bai yi tsawo ba. Ranar Lahadi na shiga duba shi, na same shi kwance, Inna Hajara matarsa tana yi masa fifita. Ya tambaye ni ko na gama malfunan mutumin Rano. Na ce saura biyu. Ya ce, "To me kake yi a nan? Je ka gama." Na yi dariya na fita, ban san maganarmu ta ƙarshe ke nan ba.

Ya Allah, bawanka Iliyasu ya zo gare ka. Ya tarar da ni a kwance ya tashe ni, bai nemi ko godiya ba. Ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Ka ba Inna Hajara haƙurin rashin abokin zamanta, ka haɗa kan 'ya'yansa, ka raya jikokinsa bisa tafarkin gaskiya. Ka jiƙan Malam Audu da dukkan Musulmin da suka riga mu. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.