Jar saniyar innata

Mijina tela ne, kuma duk zangon Tamale an shaide shi da dogon tunani. Ko hula zai saya, sai ya kwana uku yana juya maganar. Maza sun yi ta yaba masa wannan hali har ya koma ga Allah. Ni da na zauna da shi, na san abin da halin ya ci mini.

Shekarar da Turawa suka sauke tutarsu, abu biyu ya tayar masa da hankali. Shi gwanin babbar riga ne, aikin wuya da aljihu, kekensa biyu a shago kusa da tashar lori. To sai gari ya rikice da batakari, rigar saƙin nan ta Dagomba, don an ga manyan ƙasa sun sa ta ranar murna. Malamin makaranta batakari, akawu batakari, har 'yan zangon da iyayensu ba su taɓa sa ta ba. Ga kuma raɗe-raɗin da ake yi cewa wata rana za a tambayi kowane baƙo takarda. Baƙi fa, mu da aka binne cibiyarmu a garin nan! Ana cikin haka ɗan baffansa ya aiko da wasiƙa daga Kano, ya ce su ma sun kusa karɓar ƙasarsu, ya kwaso iyali da kekuna ya zo gida. Gidan da ni da shi ba wanda ya taɓa gani ko a mafarki.

Ba zan yi masa ƙarya ba, ya yi tunanin da gaske. Ya zauna da direbobin lori ya ji yadda hanya take ta Togo da Dahome. Ya tambayi fataken goro yadda haya take a can, da ko za a karɓi 'ya'yanmu mata uku a makaranta. Ya taka har Sagnarigu wurin wani tsohon aminin mahaifinsa. Ya sa liman ya yi masa istihara sau biyu, don na farkon bai gamsar da shi ba. Har kafinta ya kawo ya auna kawunan kekunan, a ga irin akwatin da zai ɗauke su. Duk wannan a bakin matan maƙwabta nake ji, su kuma daga mazansu.

Ni abin da ya faɗa mini bai wuce kalma huɗu ba. Wata safiya yana sa takalmi ya ce, “Ki zauna da shiri.” Shi ke nan.

A gidansu ba a yi wa mace zancen tafiya. Mahaifinsa bafatake ne, kuma sai an ɗaure kaya matansa ke sanin za a tashi, wai mace takan kai magana bakin famfo, baki ya kama tafiyar ta lalace. Mijina bai gaji jaki ko ɗaya daga ubansa ba, amma wannan ɗabi'a ya gaje ta tsaf.

Ni kuwa ina da saniya. Ja ce, da farin goshi da karyayyen ƙaho ɗaya. Ita kaɗai innata ta bar mini, kuma uwar saniyar ma ta innar ce, na tashi ina shan nononta. Tana hannun wani Bafulatani a Dungu, cikin garken da yake yi wa mutanen gari kiwo. Kullum da hantsi matarsa takan sauke mini ƙwarya a ƙofa, su ɗebi rabonsu na kiwo, ni in dama fura in kai tasha. Da wannan furar nake yi wa yarana sutura ba tare da na miƙa wa kowa hannu ba. Ranar Juma'a nakan tafi Dungu da ɗan gishiri a gefen zane. Tun daga nesa take gane ni. Sau biyu ta haihu, duka maza, muna ta fatan ta uku ta zo da mace.

Da rani ya kama, Bafulatanar ta zauna a tabarmata, abin da ba ta saba ba. Ta ce sun ji za mu bar ƙasar. Garke zai tashi zuwa bakin kogi bayan kasuwar Tamale mai zuwa, ba za su dawo ba sai ruwa ya sauka. Mijinta ya ce ba ya riƙon saniyar da mai ita ba ya gari, don in ta mutu ko ta ɓace ba shi da wanda zai nuna wa fata ko igiya. Saye kuma ba shi da hali, shi ma ɗan kiwo ne. In muna nan, ta bi garke. In za mu tafi, in ɗauki abata tun yanzu.

Kasuwar Tamale kwana shida-shida take ci. Kwana shida ke nan gare ni.

Na jira mijina ya ci tuwon rana ya wanke hannu, na durƙusa yadda aka koya mini. Na ce, “Malam, maganan tafiyan nan, muna tafiya ko muna nan? Saboda saniyana nake tambaya.”

Ya dube ni kamar na fasa masa tulu. “Wa ya kawo miki wannan zance? Maganar ƙasa da ƙasa ake yi, ke kina zancen saniya. Ba na ce ki zauna da shiri ba?”

Na tashi da kwanukana. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na ce a zuciyata amsa ke nan, mutum ba zai ce ka zauna da shiri sau biyu ba sai in tafiya ta tabbata. Na kwana biyar ina nawa tunanin, ba direba, ba liman. Saniya ba ta hawa lori ta ƙetare iyakar ƙasa uku. A gidan haya muke, ba wurin ɗaure ta, ba 'yan'uwan da zan bar wa. Ranar kasuwa na aika aka kira mahaucin layinmu, muka tafi Dungu tare.

Bai tambaye ni dalili ba. Ba a tambayar mai sayar da dabba dalili, kada a tona masa asiri. Ya shafa ƙirjinta, ya duba haƙora, muka daidaita. Na ba ta gishirin da na zo da shi, ta lashe tafin hannuna tas, sannan ya ja igiya. Bafulatanar ce ta yi kuka, ni ban yi ba. A hanyar dawowa na biya kasuwa na sayi babban akwatin ƙarfe, baƙi mai zanen furanni, wanda zai ɗauki kayana da na yara.

Washegari da hantsi, lokacin da aka saba sauke mini ƙwarya, sai na ji sallamar mahaucin. Al'adarsu ce su kawo wa mai dabba ɗan abin miya. Ya miƙo nama a ƙunshin ganye ta bakin zaure, yana magana da Hausarsa ta zango.

“Uwargida, ga rabonka. Saniyan ya yi mai paa, mai sosai.” Na karɓa, sai ya ƙara da cewa, “Amma ni na yi mamaki da ka sayar da shi, tun da tafiyan ya fasa.”

Na ce, “Wane tafiya ya fasa?”

“Na Kano mana. Ai Malam ya faɗa mana a ƙofan masallaci, yau sati biyu. Ya ce ya auna ya gani, zama ya fi, zai koyi ɗinkin batakari. Kowa ya sa masa albarka. Ni na ɗauka wani lalura ne ya taso maka.”

Sati biyu. Ke nan ranar da na durƙusa a gabansa, ya riga ya gama yanke shawara. Liman ya sani, direbobi sun sani, kafinta ya sani, har wanda ya sa wa saniyata wuƙa ya sani. Matan maƙwabta da suka yi ta kawo mini labarin tafiya, wannan karon mazansu ba su ga abin ba da labari ba, don zama ba labari ba ne.

Da mijina ya dawo cin abinci na faɗa masa abin da na yi da abin da na ji, a tsaye, ban durƙusa ba. Ya ce ai jira yake amsar wasiƙar da ya mayar Kano ta zo tukuna, kada ya faɗa mini abu rabi da rabi. Sannan ya ce, “To ke wa ya ce ki sayar? Abu ba shawara?”

Na juya na nufi murhu. Na dafa naman, tun da ba a zubar da abinci. Ya ci har ya nemi ƙari. Ni kuwa ban sake sa jan nama a baki ba sai da salla ta zagayo.

Shawararsa ta yi kyau, ban musa ba. Ya koyi batakari, shago ya tashi, har ya ƙara keke na uku. Ni ma na ci gaba da fura, amma da nonon saye. Da damina ta sauka Bafulatanar ta dawo, tana auna mini da ludayi kamar kowace baƙuwa, tana kawar da kai. Mijina ya taɓa cewa zai saya mini wata saniya. Yana nan yana tunani a kai har Allah ya karɓi abinsa.

Ranar addu'ar uku dattawan zango suka shigo yi mini gaisuwa. Mahaucin na cikinsu, ya tsufa, yana dogara sanda. Ya ce an yi rashin mutum, wanda bai taɓa ɗaga ƙafa ba sai ya shawarci kowa da kowa. Duk suka gyaɗa kai. Ina zaune a kan baƙin akwatin nan, wanda bai taɓa fita ƙofar ɗakina ba.

Na ce, “Haka ne. Kowa da kowa.”