Na Wuce Su a Maraɗi

Katsina zuwa Maraɗi

Ƙarfe biyar da rabi na asubahin Litinin na bar Katsina. Yayana Alhaji Sani, mai fataucin shanu a Abijan, ya shekara huɗu da sankarar jini, irin mai cin mutum a hankali, kuma maganin ya daina kama shi. Likita ta ce sai dashen ɓargo, a nemo wanda suke uwa ɗaya uba ɗaya a gwada jininsa. Mu biyu ke nan a wurin Hajiyarmu, Allah ya jiƙanta, don haka babu wata shawara.

Tara da kwata ina gidan Inna Ladi, ƙanwar Hajiya, a Maraɗi. 'Ya'yanta maza uku, ƙarti majiya ƙarfi, suka zauna muka sha fura. Ta miƙo mini ƙunshin kilishi.

"Ka kai wa mai ciwon."

"Inna, ba shi da suna ne?" na tsokane ta.

Ta kau da kai. Ni kuwa, da shegen wayona, na yi dariya na wuce tasha.

Yamai zuwa Ajame

Kwana huɗu muka yi. A Wagadugu na kwana kan benci, jakata ce matashi. Daga iyakar Kodebuwa zuwa Bwake na ƙirga shinge goma sha ɗaya, na gaji na daina. Kowane mai bindiga zai juya takardata sama da ƙasa kamar ya iya karatu.

"Malam, kar ka yi musu," in ji direba. "Mai musu a nan yake wuni."

Juma'a ƙarfe biyu muka shiga tashar Ajame a Abijan, hayaniya kamar za a tashi duniya. Zainabu, babbar 'yar Yaya, ta tarbe ni. Faransancinta ya fi Hausarta nisa, Tonton take ce mini maimakon Baffa.

"Tonton, ka zo! Papa yana ta tambaya, wallahi."

Muka hau gbaka, 'yar ƙaramar bas ɗinsu, sannan tasi ta haye gada da mu zuwa Tireshbil, unguwarsu. Mutumin da na sani yana kayar da bijimi shi kaɗai, na tarar ya koma kamar kara, sai ciki a kumbure ta hagu.

Tireshbil

Ran Litinin aka ɗebi jinina. Zainabu ta fassara mini bayanin likita: kowa yana da wata shaida a ƙwayoyin jikinsa, rabi daga uwa, rabi daga uba. In shaidar mai bayarwa ba ta dace ba, jiki zai ɗauki sabon ɓargon a matsayin abokin gaba. Jinin sai an kai shi ƙasar waje a gwada.

Mako uku ina jira. Na ci aceke, dambun rogonsu, da kifi har na tsane shi. Kullum bayan la'asar ina babban masallaci, dattawan mahauta suna ta sa mini albarka, ni kuma ina hura hanci, ga wanda ya zo ceton ɗan'uwansa.

Sakamako ya zo. Ko rabi bai dace ba. Likita ta ce hakan na faruwa, ta tambaya ko akwai wasu 'yan'uwan.

"Babu," na ce. "Mu biyu ne."

Da muka koma gida Yaya ya sa aka rufe ƙofa.

"Musa, akwai. Su uku, a Maraɗi, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Ni ne ɗan farin Inna Ladi. Ina wata bakwai aka ba Hajiya riƙona."

Na miƙe tsaye. "Ka sani? Ka bar ni na zo, ka bar mu muka ƙona mako uku?"

"Zan buɗe baki in ce Hajiya ba ita ta haife ni ba? Na ɗauka jinin zai dace. Ai ita ta goya mu."

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ran nan. Na ce kunyar nan ce za ta kashe shi, na fita na bugo ƙofa. Maganata ta ƙarshe da shi ke nan. Tun a ɗakin ya hana a faɗa wa su Inna ta waya, wai ba maganar waya ba ce, don haka washegari ƙarfe shida na koma Ajame na yanki tikiti, in je in taho da su.

Komawa

Shingayen suna nan inda na bar su. A Yamai, ran Asabar da hantsi, wayar Zainabu ta same ni.

"Tonton, se fini, shi ke nan. Papa ya tafi."

Lahadi da azahar na shiga gidan Inna Ladi. Ga ƙartin nan uku a zaure, jini cike da jikinsu. Na durƙusa na faɗa mata. Ta kalli tabarma, ta ce, "Sani." Shekara hamsin da biyu, sai ran nan sunan ya fito daga bakinta.

Na isa Katsina da magariba. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Zainabu da mahautan Tireshbil da suka yi masa sutura. Dattawan da suka san wannan magana suka yi shiru kuwa, har yau in mun haɗu ina gaishe su ne kawai.