Damanar da na jira biza

Amsar jami'a ta same ni a tsakiyar bazara, ina aikin jera magani a asibitin mishan da ke ƙasar Madawa, inda mahaifina ya daɗe yana wankin ciwo. Na gama lise, wato babbar sakandare, a Yamai, na ci bak, jarrabawar shiga jami'a, na dawo gida ina taimakawa kafin Allah ya buɗe wata hanya. Jami'ar tana Kanada, a ɓangaren da ake Faransanci. Sun karɓe ni karatun likita, kuma za a buɗe aji cikin Satumba.

Ni a ganina lokaci yana da yawa. Wata baturiya mai jinya, wadda ta taimake ni neman gurbin, ita ta zaunar da ni a barandar ɗakin magani ta ce in daina ƙirga daga yau zuwa gaba, in fara daga ranar buɗe aji in dawo baya. Muka bi abin tare. Ba a shiga jirgi sai da biza. Ba a ba da biza sai da fasfo, da shaidar lafiya, da takardar waɗanda za su ɗauki nauyin karatu. Fasfo kuma sai da takardar zama ɗan ƙasa, ita ma sai da takardar haihuwa. Ofishin da ke buga biza ba ya Yamai, sai an aika fasfo wata ƙasa ta bakin teku a jira ya dawo. Da muka kai ƙarshe sai na ga ashe abin da ya kamata in fara tun da sanyi ne nake farawa ana jiran ruwan shuka.

A takardar haihuwa muka tsaya. Ina da biyu, kuma ba su yarda da juna ba. Ta lakwal, wato makarantar boko, ƙiyasi aka yi ranar da aka ɗauke mu karatu, an dubi tsayina an rubuta shekara. Ta baftisma ta faɗi wata shekarar da wani garin. Aka ce sai in koma Buza, inda aka haife ni, in kawo shaidu gaban zuzu, alƙalin gwamnati, ya yi mini sabuwar zuzuma, wato hukuncin da ke tsayawa madadin takardar haihuwa.

Mahaifina ba zai iya shaida ba, don lokacin da aka haife ni yana wurin aikin dole na hanya. A gidan kawuna, wan mahaifiyata, aka yanke mini cibi, a wani ƙauye wajen Karofane, cikin ƙasar Buza. Gidansu tun kakanni masu tsafin gargajiya ne, daga baya suka musulunta. Tun da iyayena suka bi addinin mishan, kawu bai taka gidanmu ba, mahaifina ma bai taka nasa ba. Ba su taɓa yin faɗa ba. Kowa ya ja jikinsa ne kawai, shekaru suka wuce a haka.

Mahaifiyata ta ce in tafi ni kaɗai. Mahaifina ya gyara igiyar takalminsa, ya ce, "Ba a aiken yaro roƙon babba. Tare za mu."

Muka hau kamiyo, babbar motar kayan ƴan kasuwa, zuwa Buza, daga nan muka taka. Mun iske kawu a gona yana sassabe, hadari kuma ya fara haɗuwa gabas. Ya dube mu ya jingina gatarinsa. Gaisuwa ta yi tsawo, aka tambayi gida da gajiya da zafi, ba wanda ya ambaci shekarun da suka wuce.

Mahaifina ya ce, "Yaya, ɗanka na kawo maka. Karatu za shi nesa, kuma an ce sai wanda ya ga haihuwa tai ya shaida."

Kawu ya juyo gare ni. "Karatun mi?"

"Na likita, Kawu."

"In ruwa ya sauka ba ni barin shuka in tahi Buza, ko gwamna ya kira ni. Gobe da sahe mu tahi."

Ya samo tsohuwar da ta karɓi haihuwata, aka ɗora ta kan jaki. A gaban zuzu, ta bakin tafinta, kawu ya ce an haife ni shekarar da yaƙin Nasara ya hana yadi shigowa, har mutane suna ɗinka buhu su sa. Ya ce da zanen matarsa guda ɗaya da ya rage aka naɗe ni, kuma ana yankan gero a lokacin. Tsohuwar ta ƙara da cewa na fito da kuka kamar wanda aka ƙwace wa tuwo. Zuzu ya yi murmushi, ya yi lissafinsa, ya tsayar da shekara. Ban taɓa jin labarin zanen nan ba. Na dubi mahaifina, na ga shi ma ranar ya fara ji.

Ruwa ya sauka muna hanyar komowa. Koramu suka cika, kamiyo ya kwana biyu bai ƙetare ba. Da mun yi jinkiri kaɗan, da shaidun suna gona, da shekarar ta wuce ni.

Sauran abubuwan suka bi layi, kowanne da nasa jira. Na tafi Tawa, na tafi Yamai, aka ɗauki hotona, aka yi mini allurar shawara da lamba, aka haska ƙirjina. Abin da na koya shi ne in riƙa tura abu biyu lokaci guda: ina jiran fasfo ina neman shaidar lafiya, don kada ɗaya ya zauna jiran ɗaya. Da fasfo ya fito aka aika shi bakin teku. Daga nan babu abin da ya rage a hannuna. Na koma ɗakin magani, da yamma in taya mahaifiyata noman ɗan fegin wake a bayan gida. Duk ranar da motar wasiƙu ta zo sai in sami dalilin bi ta gidan waya. Mutane suka fara tambayata ko an fasa. Ni ma wani lokaci nakan tambayi kaina ko ina son tafiyar, don a damanar nan na fara ganin yadda bayan mahaifina ya soma rankwafawa in ya sunkuya kan majinyaci.

Biza ta iso gero ya fitar da kai. Har an buɗe aji, amma baturiyar ta riga ta buga waya, jami'a ta yarda in zo a makare. Na iske ƴan ajinmu sun yi nisa, na sha wuya kafin in kamo su.

Kawu bai zo rakiya ba, tsuntsaye sun dame shi a gona. Sai ya aiko wani mai sayar da albasa da ƙunshin kilishi, da tambaya guda: wace kusurwa ƙasar take? Mahaifina ya fita tsakar gida da mutumin, ya yi ɗan tunani, ya miƙa hannu tsakanin arewa da yamma, ya ce a faɗa wa Yaya can ne, bayan teku.