Takardar Hannatu da Halin Sista Rifkatu

Shekara bakwai ke nan da muka raka Sista Rifkatu makwancinta, ni kuma har yau ina kan kujerar da ta bari a ƙaramin asibitinmu na Kakuri. Ita Kirista ce daga kudancin jihar nan, ni Musulma daga Makera, amma mun daɗe muna cin abinci a kwano ɗaya.

Rifkatu ba ta taɓa zuwa kwas ɗin shugabanci ba. In takardar gayyata ta zo, sai ta miƙa wa ɗayarmu ta ce, "Je ki ci kaza a otal, ki dawo ki ba mu labari." Tsarinta duk a ka yake. Ta san unguwarzomar da za a fara gaisarwa kafin ranar rigakafi. Ta san nas ɗin da ke jure faɗa a gaban jama'a, da wadda sai an ja ta gefe. Amma ko layi ɗaya ba ta rubuta ba. Da ta rasu, wata shida muna lalube. Na yi kukan rashinta, na kuma ji haushinta, ba zan ɓoye ba.

Shi ya sa na ce ni ba zan tafi da ilimina kabari ba. Na zaɓi Hannatu, wata nas daga Narayi mai kaifin basira, na juye mata duk abin da na sani. Na yi ta zarya ofis-ofis har aka sa sunanta a kwas ɗin shugabancin harkar lafiya, irin wanda malaman ƙasashen waje ke koyarwa ta intanet. Ta gyara mana jadawalin aiki, masu zuwa awo suka daina wuni a kan benci. Hankalina ya kwanta, tunda baɗi zan yi ritaya.

Makon jiya ta shigo ofishina ta turo ƙofa. Ta ce, "Mama, an ɗauke ni aiki a ƙasar waje. Saura ki sa mini hannu a takardar shaida." Satifiket ɗin da na sha wahala a kansa shi ya buɗe mata hanya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kwana uku takardar na cikin durowa, ina tambayar kaina me Rifkatu za ta yi. Na san amsar, ita ce ba na so. Lokacin da na samu gurbin ƙaro karatu, Rifkatu ta haɗa aikina da nata shekara biyu, ba ta taɓa goranta mini ba. Ba ta bar mana littafi ba, amma ta bar mana wannan hali: ba a tare wa na baya hanya, ko da kai ne za ka kwana a ciki.

Ranar Alhamis na sa hannu. Hannatu ta durƙusa tana kuka, na ce ta tashi, masu jego na jira. Na gaji, Rifkatu, wallahi na gaji. Wata goma ya rage mini, kuma ban san wa zan bar wa asibitinki ba.