Kawu Mai Kallon Bango

Kowace safiya, kafin masu shagunan layinmu su gama ɗage ƙofofinsu, Kawu ya riga ya share nasa, ya goge fuskokin talabijin da tsumma, ya jera kujerun roba. Shagon gem ne, inda matasa ke zuwa wasan bidiyo. Ba ƙanin uwar kowa ba ne a cikinmu, amma duk layin Kawu muke ce masa, har waɗanda suka girme shi. In ya gama shara sai ya ja kujera zuwa ƙuryar ciki, ya saki labule mai kauri har wurin ya yi duhu, ya kunna na'ura, ya ja dogon numfashi kamar mai shirin shan magani mai ɗaci. Can sai ka ji daga bayan labule: "Wayyo ni! Kai, daga ina wannan ya fito kuma?"

Kawu matsoraci ne. Ba ɓata shi nake yi ba, da bakinsa yake faɗa. Mai aski da ke maƙwabtaka da shi ya taɓa ganinsa ya hau kan benci saboda ɓera. Amma mutumin nan ya kwashe shekara da shekaru yana buga wasannin ban tsoro, irin waɗanda ba ka ganin jikinka a ciki, sai hannayenka da bakin bindiga, kana bin lunguna masu duhu, abubuwa marasa kyan gani suna faɗo maka. Ba don daɗi yake yi ba. Saboda ƙanena yake yi, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami yau.

Ni ce babba a gidanmu, ina sayar da yadi a bakin layin. Autanmu tela ne, magidanci a yanzu, amma tun yana ƙarami yake da farfaɗiya. Magani ya riƙe ta sosai, sai dai likita ya ja mana kunne a kan haske mai walƙiya, irin mai kunnawa da mutuwa da sauri. Ciwon ya hana Auta abubuwa da yawa: ba tuƙi, ba iyo, ba hawa sama. Abokansa na tafiya suna barinsa. Wuri ɗaya da ba a ce masa "kai dai zauna ka kalla" shi ne shagon Kawu. A can, in ya riƙe abin sarrafa wasan, shi ne gwani, shi ake taruwa a bayansa. Ni kam na tsani wasannin nan, Allah ya sani, kuma bakina bai taɓa yin shiru a kansu ba. Amma na ga fuskar ƙanena in ya fito daga shagon, don haka nakan haɗiye rabin faɗan.

Akwai wani wasa da 'yan shagon ke kira Gidan Ƙasa, don duk a ƙarƙashin wata tsohuwar masana'anta ake yinsa. Kashi na farko Auta ya buga shi har ya haddace, ko ciwon kai bai taɓa sa shi ba. Wasa ne na duhu da shiru. Tocila ɗaya, harsashi kaɗan, ruwa na ɗiga a wani wuri, sai ka ji ana jan ƙafa a bayanka, ka juyo ba kowa. Da kashi na biyu ya fito, ba wanda ya yi tunanin komai. Suna ɗaya, masana'anta ɗaya, har hoton bayan faifan kusan ɗaya. Auta ya ce, "Ai 'yan gida ɗaya ne." Kawu ma haka ya ɗauka. Gargaɗin da ake rubutawa a farkon wasa kuwa yana kan kowane faifai, har na ƙwallo, shi ya sa ba ya gaya wa kowa komai.

Ina auna wa wata mata yadi da rana tsaka mai aski ya shigo a guje, da almakashi a hannunsa.

"Yaya, taso! Auta ya faɗi!"

Ban san yadda na isa ba. Na tarar da ƙanena a ƙasa, jini a goshinsa inda ya bugi gefen tebur, Kawu ya durƙusa ya tallabe masa kai, ya juya shi a kan gefensa, yana kiran sunan Allah, hawaye na bin gemunsa. A ruɗewar ba wanda ya kashe talabijin. Kawu ya ba ta baya, fuskarsa na kallon bango. Daga baya ya gaya mini abin da ya gani: bangon yana ja, yana fari, yana ja, yana fari, da saurin da ya sa shi kansa jiri. Ashe a kashi na biyu masu wasan sun cika wani dogon lungu da fitilun gargaɗi da bindiga mai tartsatsi.

Mama ta rantse Auta ya bar shagon har abada, ni ma na mara mata baya. Sai Auta ya daina magana. Ya je ɗinki, ya dawo, ya kwanta ya juya wa kowa baya. Ana haka wata yamma Kawu ya yi sallama, ya zauna a ƙasa gaban Mama, ya ƙi kujera.

"Mama, a shagona ya faɗi, kuma ban da bakin ba da haƙuri. Amma ku ba ni dama. Daga yau ba wasan da zai taɓa sai na buga shi daga farko har ƙarshe. Ni ba likita ba ne, ku tambayi likitansa tukuna. In ya ce a'a, magana ta ƙare."

Mama ta dube shi sama da ƙasa. "Kai da ɓera ke kora?"

"Ni ɗin dai, Mama."

Likita bai yi mana alkawarin komai ba. Ya ce haɗari bai gushe ba, amma in za a guje wa walƙiya, a zauna nesa da talabijin, a riƙa hutawa, to ba zai hana ba. Washegari Kawu ya sayo farin fenti ya shafe bangon ƙuryar nan.

Ga yadda yake aikinsa. Yakan zauna a karkace, talabijin a hannun dama, farin bango a hannun hagu. Ya ce fuskar talabijin maƙaryaciya ce: idonka na neman dodo, ba ka lura da abin da haske ke yi. Bango kuwa bai san dodo ba, haske kawai yake nunawa. Duk ɗakin da ya shiga a wasan sai ya tsaya ya waiwayi bango. Duk bindigar da ya tsinta sai ya harba ta yana kallon bango. Har barin dodanni yake su kashe shi da gangan, don wani wasan a lokacin mutuwa yake watsa haske. In ya so ransa da ƙofa a buɗe zai yi, rana na shigowa, amma bango ba ya magana sai da duhu.

Kai ne, Kawu, ka koya mana cewa wa da ƙane ba hali ɗaya ba. Haka kake kiransu, kashi na farko wa, na biyu ƙane. Matasa sukan cika shagon da gardama a kan wanne ya fi. Wasu su ce ƙanen Gidan Ƙasa ya fi, don bindigogi sun yi yawa, dodanni na zuwa garke-garke, ba a barinka ka yi numfashi. Auta ya ce wan ya fi, don tsoron abin da ba ka gani ba ya fi zama a ciki. In aka juyo gare ka sai ka ce, "Wan tsoro yake ba ka, ƙanen firgita yake ba ka. Wan za ka tafi da shi gida, ƙanen kana tashi ka manta. Ni dai duka biyun sun rage mini kwana."

Kuma ba ka yarda da zato. Akwai wani wasa na jirgin ruwa da ya lalace a tsakiyar teku. Kowa ya ɗauka tunda ƙanen Gidan Ƙasa ya yi ɓarna, to duk ƙanne haka suke. Kai ka gwada, ka tarar wan ne mai hadari da walƙiya tun daga farko, ƙanen kuwa a cikin hazo ake yinsa, fitila ɗaya mai laushi, sai kukan ƙarfe. Ka hana Auta wan, ka ba shi ƙanen. Ya yi ta mita wai ta yaya mutum zai fara labari daga tsakiya, sai ka zauna ka ba shi labarin kashi na farko da baki, har da kwaikwayon muryar dodo. Mai aski ya ce ranar sai da ya yanki kunnen wani don dariya.

Shi mai askin ne kuma ya ga ranar da ka rufe shago da tsakar rana, cike da mutane, ka taho gidanmu da sauri har takalmi na fita. Wani wasa ne da ka riga ka wanke, Auta ya aro ya kawo gida. Ashe masu shi sun sabunta shi ta intanet, sun ƙara wani wurin da fitilu ke ƙyaftawa. Kai da ka saba sake gwada duk abin da aka sabunta, ka gani a bango. Ka shigo kana haki: "Ina yake? Kar ya kunna!" Auta na zaune, ya sa faifan ke nan. Na daɗe ina tuna wannan tazarar.

To, yanzu idon Kawu ya fara tafiya. Likitan ido ya ce gefe-gefen ganinsa na rufewa, kuma zaman duhu gaban talabijin ya ƙare. 'Yarsa ta zo ta ce zai koma wurinta. An riga an yi cinikin shagon, mai sayar da waya zai shiga. Kuma a daidai wannan lokacin, kamar da gayya, kashi na uku na Gidan Ƙasa ya fito. Auta ya daɗe yana jiransa, don an ce masu shi sun koma salon wan, duhu da shiru. An ce. Ni kalmar nan "an ce" ita ke hana ni cin abinci.

Ana saura 'yan kwanaki ya miƙa makulli, Kawu ya leƙo shagona.

"Yaya, ina neman aron idonki."

"Idona kuma? Kawu, ka san ni da abubuwan nan ba ma ga maciji."

"Ba talabijin za ki kalla ba. Bango kawai. Hannuna na nan, kunnena na nan, amma in na waiwaya hagu yanzu sai na ga kamar hayaƙi."

Na bi shi. Ya saki labule, ya zaunar da ni ina fuskantar farin bangon, ya sa faifan shago. A bayana ina jin ɗigar ruwa, da jan ƙafa, da numfashin Kawu. Bangon ya yi toka-toka, ya yi shuɗi, ya koma toka. Can sai wani abu ya wulga.

"Kawu, tsaya! Na ga wani abu."

"Sau ɗaya ya haska ko ya yi ta maimaitawa?"

"Wallahi ban sani ba. Koma baya."

Ya koma, muka sake, har sai da na tabbatar ƙofa ce aka buɗe, haske ya shigo sau ɗaya. Gumi ya jiƙa mini baya. Wannan wuri ɗaya ke nan, a ɗaki ɗaya. Sai a ranar na gane nauyin da mutumin nan ya ɗauka shi kaɗai duk shekarun nan, yana fitowa yana mana dariya.

Ba mu gama ba. Mun kai wani wuri mai matattakala inda abubuwan ke fitowa ta gefe, ta inda idonsa ba ya kaiwa. Suka kashe shi, ya sake, suka kashe shi, ya sake. Kwana biyu muna wurin. A ƙarshe ya ajiye abin sarrafa wasan a cinyarsa, ya ce, "Yaya, ba zan iya wucewa ba." Ban taɓa jin muryarsa haka ba.

Shi da kansa ya gaya wa Auta, a gabana. Auta ya riga ya sayi nasa faifan, yana riƙe da shi a cikin ledarsa.

"Rabin da muka gani lafiya lau. Sauran rabin ban sani ba. Abin da ban gani ba, ba zan ce maka ka buga ba."

"Haba Kawu, kowa ya ce irin wan ne! Ni yaro ne? Ina da mata, ina da 'ya."

"Shi ya sa."

Auta ya daɗe yana juya faifan a hannu. Daga baya ya ce ba zai yage ledar ba sai an gama dubawa. Ya faɗa, kuma ƙanena ba maƙaryaci ba ne, amma na san yadda yake son abin nan, na kuma san abokansa na ta ba shi labari.

Kawu, mun gode. Kai ne ka shiga duhun da kake tsoro don ɗan wani ya zauna cikin abokansa. Ba mu taɓa jin ka yi gori ba, ba ka taɓa cewa ka gaji ba. Allah ya saka maka da alheri, ya tsare maka sauran ganinka, ya sa 'yarka ta ji daɗin zama da kai. Mama ta ce in gaya maka ta janye maganar ɓera.

Ku kuma masu shagunan gem, da ku gwanayen da ke gama wasa a kwana biyu kuna alfahari, ga aiki nan Kawu ya bari a rabi. Ba Auta kaɗai ke da irin wannan lalura ba, wataƙila akwai wani a kan kujerarku yanzu da bai faɗa muku ba. Ku tambaya, ku gwada, kar ku ce ƙane zai yi halin wansa. Ni na koyi kallon bango, zan zauna komai tsawon lokacin, amma hannuna bai iya wasan ba. Ina neman mutum ɗaya mai haƙuri da zai hau matattakalar nan ya kai ni ƙarshe. Shagona na bakin layi, kowa ya san shi. Don Allah kar a daɗe. Yau da safe na biya ta gidan Auta da sunan gaida 'yarsa, na leƙa kan tebur: faifan na nan a ledarsa, amma an fara ɓantare gefe ɗaya da farce.