Ranar da Mossie Ya Tsayar da Gawar Matarsa

A garinmu Kilbrack, duk wanda ya mutu Mossie Hanrahan ne ke haƙa masa kabari, a gindin tsohon cocin nan da rufinsa ya zube tun kaka da kakanni. Ga baƙar magana, ga taurin kai, amma ni ban taɓa iya jin haushinsa ba.

Mu nan mun yarda cewa wanda aka binne a ƙarshe shi ke ɗebo wa sauran mamata ruwa, sai wani ya zo ya karɓe shi. Fada, limamin cocinmu, ya yi wa'azi a kan haka har ya gaji. Mossie ya ce, "Fada, kai leƙowa kake yi, ni kuwa da su nake wuni."

Matarsa Nonie ta ƙare ƙuruciyarta tana hawan tudu da bokiti biyu daga rijiya, har gwiwoyinta suka ƙi ɗaukarta. Tana jinya ya yi mata alkawari ta gama ɗibar ruwa, nan duniya da can.

Ranar jana'izarta maƙwabta suka karɓe masa haƙa. Mun ɗauko akwatin gawar ke nan aka ce ga wata gawa can tafe daga ƙauyen Ballyvoe. Wanda ya riga shiga maƙabarta ya huta.

Mossie ya dubi ɗan ƙanwarsa da ke riƙe da gaban akwatin. "Tadhg, ɗaga ƙafa mana! Kai ne gawar ko ita?"

"Kawu, a hankali, kar mu kayar da ita."

"Shayina kuka sha a hankali?"

Haka muka yi ta sassarfa cikin taɓo, muna haki, muka riga su isa ƙofa da ƙyar. Sai a nan muka ga tasu gawar. Ɗan farin akwati ne, mutum guda ya rungumo shi. 'Yarsa ce, shekararta shida.

Mossie ya daɗe yana kallo. Ban taɓa jin tausayin namiji kamar ranar ba.

Ya ce, "Ku sauke ta."

"Kawu, mu fa muka riga."

"Na ce ku sauke! Nonie ce za ta miƙe ƙafa yarinya na jan bokiti? Ai sai ta taso ta ci mini mutunci." Ya cire hula, ya matsa gefe. "Shige da 'yarka, bawan Allah."

Da suka wuce ya durƙusa cikin taɓon, ya dafa akwatin matarsa.

"Yafe mini, tsohuwa. Ki riƙa ɗauko ɗaya-ɗaya, kina hutawa a hanya."