Umma da ruwan saman Hatta

Muna isa Hatta, garin nan na cikin duwatsun Dubai, sai ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Masu hayar kwalekwale a dam suka ce khalas, wato shi ke nan, yau babu hawa.

Wallahi raina ya ɓaci. Hutun kwana ɗaya tak na samu a wurin aiki, kuma jibi Umma za ta koma Kano.

Ina cikin mita, sai kawai ta buɗe mota ta fita. Ga Larabawa sun jera motoci suna ta murna, wata dattijuwa har ta miƙo mata gahawa da dabino.

Umma ta dubi duwatsun ta ce, "Kai Sadiƙu, duk wannan ruwan, ba mai shuka ko masara?"

Na ce, "Umma, nan kallonsa ake zuwa yi."

Ta tuntsire da dariya. "To kai da ka shekara uku ba ka ji ƙamshin damina ba, fushin me kake? Fito ka yi addu'a!"

Na fito na jiƙe sharkaf, muna ta dariya.

Mazauna waje, yaushe rabonku da dukan ruwan sama?